Turken Mode Ya Tahi Birni

Tungar Yari, 20 ga Mayu

Zuwa ga jikana Shafi'u, mai karatun zane a Zariya.

Kafin gaisuwa ka amsa mani wannan: ƙafa ɗaya gare shi, baki uku, bai taɓa cewa uffan ba, amma ran da yac ce a tashi, har liman sai ya naɗe buzunai. Mi ne ne? Kada ka wahal da kanka, angona, na san kanka ba ya ɗaukar kaya biyu. Abin da kat tumɓuke ne daga mashayarmu ran wata Laraba da tsakar rana, kas sa cikin motar albasa, ni kau ina tsaye ina yi maka gadi awa ɓarauniyar akuya. Bakina ba ya faɗin sunan kakanka, amma biro ba shi da kunya: Turken Mode.

To yanzu assalamu alaikum. Ina karatu, ina zafi? Mu nan lahiya lau, ban da gwiwata ta hagu da ta yi yaji tun sallar bara, har yau ba wanda yat tahi biko. Ƙanwarka Sharifa na gaishe ka. Cikinta ya shiga wata shida, kuma har yanzu tana gidan nan na ƙarshe, wanda in ka zubar da ruwan wanki sai ya gangara gulbi.

Kac ce mani aro ne. Kac ce za ku baje kolin aikinku na gama makaranta, kana son mutanen birni su ga yadda ƙauye ke karanta ruwa, in an gama ka maido shi kafin damina. Ni kau nib ba ka, don ban taɓa iya hana ka komi ba tun kana lashe mani ludayin fura. In masu kallo sun tambaye ka kada ka ba ni kunya, don na san boko ya wanke maka kai. Tsagar ƙasa, wadda kakanka ya ƙona wa ƙafar kaza da ƙarfe mai zafi: in ruwa ya taɓa ta, a janye kaji da awaki daga gaɓa. Ta tsakiya, mai zangarniyar gero: a buɗe rumbuna a fara kai hatsi tudu. Ta bisa, mai sawun mutum: a tashi, ba a jiran tuwo ya nuna.

Sarkin Ruwa Ƙasimu ya zo mani sau biyu. Nic ce mashi na kai turken ɗaki ina shafa mashi man kaɗe saboda gara. Yad dube ni, yac ce, "Inna, shekara sittin ina ganin itacen ƙirya, ban taɓa ganin garar da tac ci shi ba." Nic ce garar bana da haƙoran ƙarfe taz zo. Yay yi dariya yat tahi, amma dariyar ba ta kai ga idonai ba.

Ramin na kife mashi tsohon turmina, na ɗora dutse bisa, don kada yashi ya rufe shi. Yanzu da turmin maƙwabta nike daka, dubi abin da soyayyarka taj ja mani.

Hadari ya fara haɗowa ta gabas da la'asar, shina watsewa. Lukman direba yac ce lodin albasa na ƙarshe ƙarshen Yuni ne, daga nan sai wata shekara. Ka ba shi turken ya dawo da shi. In ba haka ba na sake ka, saki uku, in auri mai goro na kasuwar Wurno, ya daɗe shina yi mani gyara.

Kakarka,
Fatsuma

*

Zariya, 14 ga Yuni

Uwargida ran gida, Kaka Fatsuma,

Wa'alaikumus salam. Na karanta takardarki a ɗakin kwananmu, sai da abokaina suka ce in sake karanta musu wurin mai goro. Sun ce in gaya miki akwai masu neman shiga layi a nan. Ina lafiya. Allah ya ba gwiwa haƙuri, ya sauki Sharifa lafiya.

Kaka, da kin ga turken nan a ɗakin nuni da kin yi kuka. Na tsayar da shi a tsakiya, na zagaye shi da yashin da na ɗebo daga mashayarmu, na rataya hotunan gidajen da ambaliya ta ci a Goronyo da Rabah a bango. Mutane suna zuwa su tsaya suna kallo. Wata malama ta daɗe tana shafa sawun nan na sama da yatsa. Malamina ya ce a duk ajinmu babu aikin da ya yi maganar sauyin yanayi ba tare da surutu ba kamar wannan. Na rubuta sunan Kaka Mode a jikin allo da manyan baƙaƙe.

Ga babban labari. Wata ƙungiya mai aikin muhalli ta nemi a kai shi Abuja, za a nuna shi har tsakiyar Satumba. Na amsa. Na san za ki ce na saɓa alkawari, amma ki duba, a can ne masu yanke shawara za su gan shi, kuma sun ce za su taimaka a yi wa ƙauyuka goma ma'aunin ruwa irin wanda na zana. Na farkon na ba Lukman ya kawo miki. Ƙarfe ne, ba ya ruɓewa, da lamba daga ɗaya zuwa talatin, ƙasa kore, tsakiya rawaya, sama ja. Ko yaro ya gani ya gane. A kafa shi kusa da ramin, zai riƙe muku har turken ya dawo.

Maganar hadari kuwa, na san ki. Kowace shekara sai kin ce ba za ki ga girbi ba, kuma kowace shekara ke ce ta farko a bakin sussuka. Ruwa ba ya cika sai ƙarshen Agusta, wani lokaci ma bai zuwa. Ki rage tsorata mijinki, karatu yake.

Sakin nan ban karɓa ba.

Naki,
Shafi'u

*

Tungar Yari, 2 ga Yuli

Shafi'u,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lahiya. Ka duba da kyau, ban ce maka ango ba a takardar ga, kuma ba zan ce ba. Laihina ne, na saba maka da wasa har ba ka gane muryata in ta canza.

Ƙarfenka ya iso. Kyau kam ya yi kyau, mata sunka taru suna cewa kalar ta yi ta zanen suna. Ƙasimu ya kafa shi da kainai, kamu biyar gabas da ramin. Da yag gama sai yat tambaye ni, "Inna, wace lamba ce ke kai ruwa ƙofar Sharifa?" Kai ka sani? Jan naka daga ashirin yaf fara. Wa yag gaya maka ashirin? Gulbin Zariya?

Bari in gaya maka inda tsagogin nan sunka hito, don na ga ka ɗauka ado ne. Kakanka bai zauna inuwa ya zana su ba. Ta ƙasa, awaki sha ɗaya munka ba ruwa kafin mu san wurinta. Ta tsakiya, rumbu huɗu. Shekarar mun ci tafasa har yara na ganin ganye su kama kuka. Ta bisa kau, ɗiyata ce, Mahbuba, wadda ba ka taɓa jin sunanta ba don ba ni faɗi. Shekararta uku. Muna ta gardamar a tashi ko a dakata, wasu na cewa ruwan ya tsaya, har yash shigo ta bayan gari inda ba mu dubawa. Ran da ruwa yaj janye, kakanka yat tahi mashaya da ƙarfe da garwashi, ya ƙona sau daidai inda ruwan yake kwana biyu kafin ya ci mu. Ka auna sawun da yatsanka. Ba na babba ba ne.

Tun ran nan ba a sake gardama a garin ga ba, shi ne aikin turken. Ba wai ya fi kowa sanin ruwa ba, Ƙasimu ma ya san ruwa. Amma in Ƙasimu yac ce a tashi, wani zai ce don gonarshi na tudu ne. In rediyo yac ce a tashi, sai su tuna sau biyu munka bi maganar rediyo munka kwashe, ruwa bai zo ba, munka dawo munka iske shanu da tsuntsaye sun gama da gero. Mutum bai barin gonar da ta kusa nuna don wani ya ce. Itacen nan kaɗai ne ba ya da gona, ba ya da dangi, shi ya sa ake jin maganatai.

Kuma gulbin yanzu ba na zamanin kakanka ba ne. Yashi ya cike cikinai, ruwan sama kau sai ya ƙi zuwa sati uku, sannan ya zubo na wata guda rana ɗaya. Da, daga zangarniya zuwa sau kwana shida ne ko bakwai. Bara kwana biyu yay yi. Mun tsira ne da kaya bisa kai, muna gudu.

Masu yanke shawara na Abuja su yanke abinsu, Allah ya taimake su. Ka ba su hoto. In sun ƙi, ka ba su ni, a tsayar da ni cikin yashi a rubuta sunana da manyan baƙaƙe, ba ni motsi. Amma turken ya dawo kafin Agusta.

Na ba Lukman takardar ga, ya ce ko ba albasa zai samu mai zuwa wajenku.

Fatsuma

*

Tungar Yari, 5 ga Agusta

Shafi'u,

Sallama. Wata guda da kwana uku ba amsa. Ko ba ka da lahiya, ko takardata ba ta kai ba, ko ta kai ka karanta wa abokanka kun yi dariya. Na ɗauki ta farko ina yi maka addu'a, don sauran biyun ba ni iya ɗauka.

Asiri ya tonu. Ran Juma'a bayan an sauko, Ƙasimu yaz zo da dattawa huɗu, yac ce sun zo taya ni ɗaukar turke, tunda mai ya isa ya shiga jikinai. Na ce su zauna in kawo ruwa. Na shiga ɗaki na tsaya ina kallon ƙarƙashin gado awa zai tsiro. Sannan nif fito nig gaya musu gaskiya.

Ba wanda yaz zage ni. Da sun zage ni da na ji sauƙi. Liman yac ce, "Inna, naki ne ta wajen gado, amma ba naki ba ne." Sunka sa takalmansu sunka tahi, ruwan da nik kawo ba wanda yat taɓa. Yanzu in na bi ta rijiya hira na mutuwa. Mijin Sharifa ya daina gaishe ni da baki, sai da kai.

An yi ruwa kwana uku a jere. Turmina ya nutse, ba a ganin ko dutsen. Ƙarfenka na cewa tara. Kullum da safe maza na taruwa su dube shi, wani ya ce tara da yawa ne, wani ya ce ai kore ne, kore lahiya ne. Gardamar da na gaya maka ta dawo, da muryoyin jikokin masu waccan.

Sharifa ta shiga watanta. Na ce ta dawo ɗakina ko ta hau tudu wurin dangin mijinta, tac ce ba ta barin gidanta ita kaɗai a ce ta fi kowa tsoro.

Ni ban iya roƙo ba, ban saba ba. Ka maido shi.

Fatsuma

*

Abuja, 17 ga Agusta

Kaka,

Takardunki biyu jiya suka same ni tare. Ta Yuli ta maƙale a Zariya wajen mai shagon da Lukman ya bar wa, ni kuma ina nan. Ban karanta wa kowa ba. Na auna sawun da yatsana kamar yadda kika ce. Wata uku ina tsaye kusa da shi ina yi wa mutane bayani, ban taɓa lura ba.

Na sauke shi daga wurin nunin yau da safe. Sun yi magana, na ce na gida ne, gida na nema. Lukman zai karɓe shi a Sakkwato jibi, ya ce ko hanyar Wurno ta yanke zai sa a jirgi.

Amma akwai abin da ban gaya miki ba, kuma na fi jin tsoron rubuta shi fiye da komai. Kaka, na yanke masa ƙafa. Tun a Zariya. Gindin da ke cikin ƙasa ya yi baƙi, ga shi a karkace, ya ƙi tsayuwa a kan katakon da na yi masa. Na sa zarto na daidaita shi, na kankare sauran laka, na shafa masa man ƙyalli. Guntun na bar shi a bayan ɗakin aiki. Na sa an duba, an share wurin tun Yuni. Ban auna ba. Ina jin kamu ɗaya ne, wataƙila ya fi, wataƙila bai kai ba. Layin da ƙasa ta yi masa, wanda zai nuna iya zurfinsa, shi ma na goge shi da hannuna don ya yi kyau.

Na kwana ina duba hotunan da na ɗauka kafin mu cire shi, ko zan gane tsawon. Duk daga sama na ɗauka, wajen zanen. Ƙasan bai ba ni sha'awa ba.

Shawarata, a jefa dutse mai kaurin kamu ɗaya a ramin kafin a kafa shi, zai kusa komawa daidai. Ki gaya wa Sarkin Ruwa ni na yi, kada ki ɗauka a kanki. Zan taho da zarar na miƙa sauran kayan mutane.

Ki yafe mini. Ban san me zan ce bayan wannan ba.

Shafi'u

*

Tudun makaranta, 27 ga Agusta

Shafi'u,

Muna raye. Daga ajin 'yan firamare nike rubuto maka, bisa benci, mu mata goma sha tara da yara da kaji a ɗaki guda.

Turken ya iso ran ashirin da biyu, cikin bargo awa maras lahiya. Na sa an shigo da shi ɗakina na rufe ƙofa, nik karanta takardarka, nid duba gindin. Sumul, fari, har da ramin ƙusa. Na zauna ƙasa. Ban yi kuka ba, lissafi niy yi, irin na wadda ta yi aji uku na yaƙi da jahilci.

Dutsenka ban sa ba. In dutsen ya fi abin da kay yanke, turken zai yi tsawo, ya yi magana a makare, kuma na san abin da makara ke ci. In an kafa shi hakanan da guntuwar ƙafa, zai yi magana da wuri. Da wuri nawa, Allah kaɗai ya sani. Cikin ƙarya biyu niz zaɓi wadda ba ta da makabarta.

Kuma ban gaya wa kowa ba. In sun san an taɓa shi, ya zama itace awa kowane itace. Na naɗe gindin da tsohon buhu na ɗaure da igiya, nic ce kakanka ya bar wasiyya kada a bar ƙafar a buɗe in za a mayar. Mutane sunka taru ganin shi. Wata tac ce, "Kai, birni ya karɓe shi, dubi yadda shike ƙyalli." Nic ce ai har Turanci ya iya yanzu.

Ƙasimu yas sa shi a jirgi, ni ma nis shiga, na ce ba a kafa shi ba ni. Ruwan wurin ya kai ƙirji. Yan nutsa sau uku kafin ya samu turmin. Da yaz zo sa turken, sai yak kwance buhun. Ina kallo. Ya daɗe shina duban gindin, ya shafa shi da babban yatsa, sannan yad dube ni. Mutane na gaɓa, ba su ganin komi sai bayanai.

Yac ce a hankali, "Inna, garar nan da zarto taz zo."

Nic ce, "Sarkin Ruwa, Sharifa na da kwana kaɗan."

Yat tura shi ramin, ya danna har ƙasa, ya cusa duwatsu. Da yas saki, ruwa ya rufe ƙafar kaza, ya rufe zangarniya, saura yatsa huɗu ya taɓa sau. Sai liman ya juya ya nufi gida da sauri, kowa yab bi. Gardamar wata guda ta mutu kafin in fito daga jirgi.

Kwana biyu ana kwasar rumbuna. Ran ashirin da huɗu ruwa yat taɓa sau, munka tashi. Wasu sun yanke geronsu ɗanye, wanda da an bar shi kwana goma da ya cika rumbu.

Yau kwana uku ke nan. Turken bai taɓa wuce kwana biyu ba, kowa ya sani. Rana ta fito tas, gari na can a bushe, muna hango rufin ɗakunanmu. Tsuntsaye sun sauka gonaki. Jiya maza sunka tsare Ƙasimu, yac ce su ba shi kwana uku, in ba komi ya ajiye sarautar. Mijin Sharifa ya ce jibi da safe zai mayar da matatai gida, ba ta haihuwa gaban mata sha tara.

In ruwan bai zo ba, na ci geron mutane, na ci sarautar Ƙasimu, na kashe maganar turken har abada. In sun koma sannan yaz zo, ka san sauran. Ɗazu da azahar na idar da salla na ɗaga hannu, sai nij ji abin da bakina ke roƙo. Ni da ruwa ya ci wa ɗiya, ina cewa Allah ka kawo shi yau, kada ka kai jibi. Ka roƙa mani gafara, ni na kasa.

Fatsuma

*

Tudun makaranta, 3 ga Satumba

Zuwa ga Shafi'u,

Assalamu alaikum. Lukman yac ce kana Sakkwato hanya ta hana ka wucewa. Zauna nan, ba mu da wurin shimfiɗa maka.

Ruwan ya zo. Ran ashirin da tara da hantsi, mijin Sharifa ya riga ya ɗaure tabarmi bisa jaki, ita tana tsaye da ƙullin kayanta, sai munka ji kukan shanu daga fadama. Ta bayan gari yas shigo, awa wancan karon. Kafin azahar gidan Sharifa ya zauna. Nawa ya kai la'asar, ya yi ƙoƙari, ya fi ni gwiwa. Ɗaki talatin da ɗaya sunka faɗi. Geron da ba a yanke ba ya tahi duka, ɗanyen da anka yanke shi ne muke shanyawa a filin ƙwallo. An ƙirga mutane sau uku, liman da kainai. Ba wanda ya ɓace.

Sharifa ta sauka shekaranjiya, namiji, bayan allo, mata sha tara na ba ta umarni iri sha tara. Ita da shi lahiya. Hancinka gare shi, Allah ya ba shi haƙuri.

Turken bai tsaya ba. Duwatsun da anka cusa cikin ruwa ba su riƙe shi ba, Ƙasimu na kallo daga jirgi ya kwanta ya bi gulbi. Mutane na cewa ya gama aikinai ne ya tahi, har wata na cewa ya ƙara kwana uku bisa na kullum don ya san ruwan bana babba ne. Na bar su. Ran da munka koma gari zan tara su in faɗi abin da anka yi, da bakina, don kada gobe wani ya kafa sabo da tsawon ƙarya. In sun daina gaishe ni, na riga na saba.

Ƙarfenka na nan tsaye, sai kan jan kawai ake gani. Ƙasimu bai iya lamba ba, amma tun ran da munka kafa turken kullum sai ya je da jirgi ya karce fentin da wuƙa daidai bakin ruwa. Ya san karcen da ke kwana biyu kafin ruwa ya shiga gari, da na kwana huɗu. Ya ce wannan karon daidai na kwana huɗu za a ƙona sau. Ya riga ya yi maganar wani gungumen ƙirya a Gandi.

Yac ce in gaya maka kai za ka yi zanen, tunda hannunka ya fi na kowa a zuriyar. Amma sai ka fara tona ramin da kanka, kamu uku, shina tsaye bisa kanka, kuma ƙafar za a fara yi wa tsaga, iya zurfin da za ta shiga ƙasa, kafin a taɓa sama. Na tambaye shi wane sau za a sa. Yac ce a bari jaririn ya yi ƙwari a taka mashi ƙafa a laka, a kwafa, tunda shi da rai anka hawo da shi.

Na yafe maka, angona, amma ban gama hushi ba. Ka zo da rani, ka zo mani da turmi.

Kakarka,
Fatsuma